Ɗago-Haɓa da Fuskar Ƙanensa

A layin da ke gangarawa daga tasha zuwa kasuwa akwai wani ɗan tsukukun shago, tsakanin mai gyaran takalma da mai cajin waya. Ƙofarsa ta gilashi ce, an manna mata fuskokin mutane tun daga sama har ƙasa, rana ta ci su har sun koɗe. Nan ne shagon mai hoto. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin. Ɗago-Haɓa ake ce masa, domin ita ce maganar da ya fi faɗa a duniya, kuma ko gaisawa ka tsaya yi da shi sai ka ji wuyanka yana miƙewa da kansa.

Ba a ce bai iya aiki ba. Ya iya. Tun yana saurayi ya zauna gaban wani tsohon mai hoto, zamanin da ake shiga ɗakin duhu a tsoma takarda cikin ruwan magani, ya koyi yadda ake bin fim da tsinin fensir ana toshe tabo. Da kwamfuta ta zo, tsararrakinsa suka naɗe kayansu suka koma sayar da lemo. Shi kuwa ya sayo ta, ya zauna gabanta kamar mai jinya har ta saba da hannunsa. Daga nan duniya ta yi masa daɗi. Abin da fensir ke yini yana yi, yanzu kafin shayi ya huce an gama.

Cikin shagon babu yawa. Labule ne mai zanen wani lambu da babu irinsa a garin, sai kujera mai dogon baya, da fitilu biyu masu lema a ka, da ɗan tebur. A kan teburin akwai mataji, da gwangwanin hoda, da soson da ya taɓa goshin rabin garin.

A ganin Ɗago-Haɓa, ba a taɓa kawo masa fuskar da aka gama ba. Mutum ya yi sallama, baki na amsawa, ido na auna aiki: wannan hancinsa ya karkata, wannan ta kwana da kuka, wannan reza ta yi masa ɓarna.

"Zauna," yakan ce. "Ɗago haɓa. A'a, ai ban ce ka zama raƙumi ba. Rufe baki, haƙoran nan ba su yi laifin komai ba, bar su su huta a ciki."

Mutane sukan yi dariya, don sun ɗauka wasa yake yi.

An taɓa koro wani kafinta daga ofishin fasfo, saboda tabon da zarto ya bar masa a gira tun yana yaro babu shi a hoton. Kafintan ya zo shagon yana huci.

"Malam, ina tabona?"

"Ajiyarsa ka ba ni?" in ji Ɗago-Haɓa, bai ko ɗago daga kwamfuta ba. "Ni na rufa maka asiri, su suka tona. Can za ka kai faɗanka."

Ya taɓa aure. Matar ta zauna iya zaman da za ta iya, wata rana ta ce za ta je ganin gida, har yau tana can tana gani. Hoton bikinsu yana nan a ƙofar gilashin, kuma waɗanda suka san ta sun ce ko a ranar ba ta yi kama da shi ba.

Abin da ya fi tsana a rayuwa shi ne hoton waya. Idan ya ga matasa sun haɗa kai suna miƙa hannu sama suna turo baki, sai ya tofar da yawu a kwata. Ya ce yanzu kowane mai yatsa ya zama mai hoto, kamar a ce kowane mai wuƙa ya zama likita.

Ƙanensa ɗaya ne a duniya, uwa ɗaya uba ɗaya, ana kiransa Auta. Tela ne, mai sanyin magana, irin mutanen da idan aka taka su su ke ba da haƙuri. Gida ɗaya suke, wanda mahaifinsu ya bari. Yayan yana ɗakunan gaba da makullin ƙofa, Auta da matarsa suna na baya, inda ya kafa kekensa a bakin taga. Bayan ɗinki ba shi da abin so kamar tattabarunsa. Ya yi musu ɗaki na katako a kan rufin banɗaki, kuma shi da kansa yake hawa ya share busasshen kashinsu, ya sauko kansa fari fat da ƙura, yana tari yana murmushi.

Auta yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. A gidan ba a kiran sunanta. Matarsa, malamar firamare, ta sani, ta kuma zauna. Ita ta sa masa ƙararrawa a waya don lokacin shan magani, kuma maganin ya karɓe shi. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya ci gaba da taka kekensa kamar kowa.

Sai dai tagar da ake karɓar maganin a ƙaramin asibitin unguwa tana da benci, bencin kuma yana kallon titi. Wata rana Ɗago-Haɓa ya biyo ta nan tare da wani babban ɗan kasuwa da ya zo ɗaukarsa aikin biki. Ya ga ƙanensa a kan bencin, ya dube shi kamar yadda ake duban bango, ya wuce. Da yamma ya tsaya a bakin tagar ɗinki.

"Auta, kana duba madubi kuwa? Dubi kumatunka. Mai irin kumatun nan me ya kai shi wancan benci? Ko sai an gama sanin gidanmu?"

Auta bai taɓa cewa komai ba idan yayansa ya yi magana. Ya tsallake wata guda bai je karɓar magani ba, ya ga bai mutu ba, ya tsallake wani. Kwalbar maganin ya zuba mata maɓallai, don idan ƙararrawa ta kaɗa ya girgiza ta matarsa ta ji daga tsakar gida. An daɗe ana haka.

Ƙurajen a goshi suka fara, dab da gira. 'Yan ƙanana ne masu sheƙi, kamar ɗigon kyandir da ya daskare, kowanne da ɗan rami a tsakiya kamar an danna masa kan allura. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa zafi, shi ya sa Auta bai kula su ba. Suka gangaro gefen hanci, suka bi haɓa, suka sauka wuya. Ɗaya a bayan kunnen hagu ya fashe ya zama gyambo mai baƙin ɓawo, ya ƙi rufewa. Da yamma jikinsa yakan yi zafi. Wandunansa suka fara zamewa, ya riƙa rage musu ƙugu a ɓoye, abin da ba ya yi wa tela wuya. Sai ciwon kai ya zo ya zauna, irin wanda ba ya jin ƙwayar kemis.

Ranar da matar ta buɗe kwalba ta ga maɓallai, ba ta yi ihu ba. Ta zazzage su a tafin hannunta, ta dube su, ta dubi mijinta, ta fita waje ta kira gwaggonta a waya. Gwaggon nas ce a babban asibiti, a wani gari mai nisa, hanyar kuma duk ramuka ce, ga layin ganin likitan fata ba ya ƙarewa. Gwaggo ta saurari bayanin har ƙarshe.

"Kin ce da rami a tsakiya?"

"Da rami, Gwaggo."

"To ki ɗauko mini hoton fuskar, kusa-kusa, a hasken rana. Zan nuna wa likitarmu. Idan abin da nake tsoro ne, babu zancen layi, gado za a nema masa."

Malama ta zaunar da Auta a kan turmi a tsakar gida, ta matso da wayarta dab da goshinsa. Tana cikin haka Ɗago-Haɓa ya shigo cin abincin rana. Ya tsaya cak.

"Me nake gani haka?"

"Yaya, hoto ne zan tura wa Gwaggo. Za ta nuna wa likita."

"Da wannan?" Ya karɓi wayar da yatsa biyu, kamar mataccen ɓera. "A gidan mai hoto? Dubi inuwa. Dubi bokitin wanki a bayansa. Wannan ya shiga hannun likita, ya tambaya wane gida ne, a ce masa gidan wane? Ko akuyar sayarwa ba a yi mata haka."

Ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa mata wayarta.

"Yaya, ai ba na ado ba ne. Ƙurajen ake son gani."

"Ke za ki gaya mini abin da ake son gani a hoto? Na taɓa zuwa ajinki na karɓi alli? Sa masa riga mai kyau ki kawo shi shago."

Ta dubi mijinta ko zai yi magana. Auta yana kallon ƙasa.

A shago Ɗago-Haɓa ya zama wani mutum dabam, kamar yadda yake zama kullum idan aiki ya zo. Ya gyara labulen lambu, ya kunna fitilu biyun, ya zaunar da ƙanensa a kujera mai dogon baya. Auta ya runtse ido.

"Yaya, fitilar nan tana shiga mini har ƙeya."

"Haƙuri za ka yi. Amare ma suna jurewa, balle namiji."

Ya buɗe gwangwanin hoda, ya dangwala soso.

"Yaya, hoda kuma?" in ji Malama daga bakin ƙofa.

"Ƙyalli nake kashewa. Mijinki yana sheƙi kamar an soya shi. In kin san aikin, zo ki karɓa."

Ya bi goshin da soso, ya bi hancin, ya bi haɓar. Ya kama kan Auta da hannu biyu ya juya shi kaɗan, yadda gefen dama zai fuskanci kyamara, domin tun suna yara ya san nan ne gefensa mai kyau. Kunnen hagu da gyambonsa suka koma bayan hoto.

"Ɗago haɓa. Buɗe ido. Auta, ba gawa nake ɗauka ba, buɗe ido."

Fitila ta yi walƙiya sau da yawa. Da aka gama, Auta ya fita da sauri ya durƙusa a bakin kwata ya yi amai, mai gyaran takalma yana zuba masa ruwa a hannu. Malama ta karanta wa yayan mijinta lambar Gwaggo a tsaye, ta kama mijinta suka tafi gida.

Ɗago-Haɓa ya rage shi kaɗai da kwamfutarsa. Ya buɗe hoton, ya faɗaɗa shi har fuskar ta cika allon. An yi shekaru bai dubi ƙanensa haka ba. Ya ga girar mahaifinsu, ya ga ɗan karkacen leɓen da uwarsu take yi idan tana ɓoye ciwo. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, bai san inda zai ajiye shi ba, sai ya ajiye shi a hannu, hannun kuma ya san hanyarsa.

Niyyarsa haske kawai zai daidaita. Ya daidaita. Sai ya ga wani ƙurji a kan karan hanci ya ɓata layin hancin gaba ɗaya, ya ɗebo lafiyayyar fata daga kumatu ya rufe shi. Da wannan ya tafi, na kusa da shi ya fito fili kamar baƙo a ɗaurin aure, shi ma ya bi sahu. Goshin ya fi ba shi aiki, domin sun yi cincirindo a nan, amma aikin da ya fi so ke nan, ya bi su a hankali yana ɗan waƙa a hanci. Ya ga idon ya yi ja, ya wanke shi. Ya ga kumatun sun faɗa, ya ɗan cika su. Wani ya leƙo yana son hoton fasfo, ya ce masa ya dawo gobe.

Bai goge duka ba. Shi ba maƙaryaci ba ne, haka ya gaya wa kansa. Ya bar biyu ko uku a gefen haɓa don likita ya samu abin dubawa, sai dai ya lallashe su kaɗan, ya share ɗan ramin nan na tsakiya, domin ramin ne ke sa su muni. Ya jingina da kujera ya dubi aikinsa. Rabon Auta da kyau haka tun ranar aurensa. Ya tura wa Gwaggo, ya rubuta a ƙasa: Ga shi nan, daga shagonmu.

Washegari Gwaggo ta kira Malama, muryarta har da dariya.

"Ke 'yar nan, kin iya tsorata mutum! Na kasa cin abinci saboda ke. Mijinki ai ya fi ni kyan fata. Likita ta duba, ta ce waɗannan na haɓa sun fi kama da ƙurajen aski."

"Gwaggo, wallahi sun fi haka. Ga ciwon kai, ga amai."

"Ki kai shi a gwada shi zazzaɓin sauro. Amma maganin nan da ya bari, wannan shi ne babban laifin. Na sa muku rana wata mai zuwa, ku zo a sake duba jininsa a ɗora shi a kai. Kuma ki rage ruruta abu, kin ji ko?"

Malama ta ajiye waya, ta je ta tsaya a kan mijinta tana duban goshinsa. Ƙurajen suna nan, kowanne da raminsa. Amma likita ta gani da idonta, ita kuwa alli ta sani. Ta je shago.

"Yaya, ko zan ga hoton da aka tura?"

"Ki gani ki yi me da shi? Masana sun gani, sun yi magana. Ko kin fi son a ce miki mutuwa zai yi?"

Ta juya ta fita. Gidan a hannunsa yake, makulli a aljihunsa, kuma mijinta bai taɓa ɗaga masa murya ba balle ita.

Gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba, aka dai ba shi maganin. Auta ya rataye zane a tagar ɗinki saboda hasken rana ya fara cizon idonsa. Wuyansa ya ƙage, idan aka kira shi sai ya juyo da jiki duka. Ya ɗinke hannun rigar wani mutum ruf, ya miƙa masa yana murmushi. Wata safiya ya kira matarsa da sunan uwarsa, ya ce ta rufe tattabaru kada ruwa ya dake su, alhali sama tas take. Ɗago-Haɓa ya leƙo sau ɗaya, ya ce rashin fita ne, mutum ya kulle kansa a duhu dole ya yi surutai. Kafin ranar da Gwaggo ta sa ta zo, aka tsinci Auta a ƙasa gefen kekensa, jikinsa yana karkarwa, zare ya naɗe masa a yatsa.

Maƙwabta suka samo mota. Ɗago-Haɓa ya ɓata lokaci yana neman hular da ta dace da rigarsa, sannan ya shiga gaba.

Gwaggo na jiransu a ƙofar ɗakin gaggawa. Ta sunkuya kan gadon turawa, ta dubi fuskar Auta, ta ɗago. Ta zaro wayarta, ta dubi hoton, ta sake duban fuskar. Ta ruga ciki.

Likitar da ta fito yarinya ce a idon Ɗago-Haɓa, siririya, da tabarau da ya zame mata kan hanci. Ya lura fatarta tana son gyara. Ta sa safar hannu, ta taɓa ƙurajen goshi, ta juya kan Auta da kyar ta ga gyambon bayan kunne. Ta ba da umarni cikin sauri a shirya tura gadon ciki a ɗebi ruwan ƙashin bayansa don gwaji. Sannan ta karɓi wayar Gwaggo ta juyo.

"Wa ya ɗauki hoton nan?"

Ɗago-Haɓa ya gyara wuyan riga, ya matso gaba. "Ni ne, likita. Shagona yana layin tasha."

"Yaushe ƙurajen suka yi yawa haka? Bayan hoton?"

"Suna nan tun kafin hoton," in ji Malama.

Likita ta dube shi. "To ina suke?"

"Na ɗan rage su."

"Ka rage su."

"Hoto ne zai shiga hannun mutane, likita. Ba a sakin aiki haka nan. Ai na bar miki wasu a haɓa."

Gwaggo ta buɗe baki, likita ta ɗaga mata hannu. Sai likitar ta yi magana da Malama, ba da shi ba, a hankali kamar mai karanta wa yaro.

"Abin da nake zato, wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna. Tana cikin ƙasa da busasshen kashin tsuntsaye, ana shaƙarta da ƙura. Mai ƙarfin garkuwa ba ta cika yi masa komai ba. Wanda garkuwarsa ta faɗi, sai ta bi jini ta shiga ko'ina, har rigar ƙwaƙwalwa. Waɗannan na fuska ba ciwon fata ba ne, alama ce ta cewa abin ya riga ya bazu a ciki. Ramin nan na tsakiya shi nake nema a hoton. Da na gan shi, da a ranar na ce ku taho."

"Zai tashi, likita?"

"Za mu yi iya yinmu. An makara, amma ba a gama makara ba."

Kafin ta shiga, ta tsayar da gadon a bakin ƙofa, ta zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi daga aljihu, ta matsa dab da goshin Auta ta ɗauka. Ɗago-Haɓa ya yi ƙoƙarin riƙe bakinsa, bakin ya fi ƙarfinsa.

"Likita, hasken yana bayansa."

Babu wanda ya juyo.

Gwajin ya tabbatar da zaton likita. Auta ya daɗe a gadon nan. Aka riƙa ɗura masa wani magani ruwan ɗorawa ta jijiya, mai sa shi rawar sanyi har gado ya yi ƙara, aka riƙa huda bayansa ana rage ruwan da ke matse masa kai. Malama ta bar ajinta ta tare a kan tabarma a gefen gadon. Ɗago-Haɓa ya koma gida tun washegari, saboda akwai aikin biki da ya karɓa. A layin tasha ya ba da labarin yadda ya fahimce shi. Ya ce likitocin yanzu ba su iya duba hoto ba, an ba su aiki mai tsabta sun kasa karantawa, sai an kai musu mutum kwance. Mai gyaran takalma ya ci gaba da buga ƙusarsa, mai cajin waya ya ƙara sautin rediyo.

Auta bai mutu ba. Ƙurajen suka bushe suka zube, aka mayar da shi kan maganinsa, hankalinsa ya dawo. Idon ne bai dawo ba. Ruwan da ya daɗe yana matse masa kai ya taɓa jijiyar gani, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa, sai inuwar mutum idan ya tsaya a ƙofa. Da aka sallame shi, Malama ba ta mayar da shi gidan gado ba. Ta nemi canjin makaranta, ta kama ɗaki a bayan gidan gwaggonta, ta aika aka ɗauko keken ɗinki da kayansu. Tattabarun ta ce a buɗe musu ƙofa.

Sai da aka kwana biyu Ɗago-Haɓa ya je. Ya same su da hantsi a bakin ɗaki, Auta a kan kujerar roba yana lalube wani tsohon wando yana warware ɗinkinsa da yatsu, don kada hannu ya manta. Malama ta gaishe shi gaisuwar da ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta, ta kawo masa ruwa, ta koma kan wankinta.

"Yaya ne?" in ji Auta. "Na gane takunka. Zauna, Yaya. Ya shago?"

"Shago lafiya. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ina cin abinci kamar fara."

Ɗago-Haɓa ya ba da labarin rufin gida da ke yoyo, da mai cajin waya da ya yi aure, labaran suka ƙare da wuri. Auta ya ajiye wandon a cinya, ya juyo da fuskarsa wajen da muryar take.

"Yaya, tunda ka zo, ka taimake ni da abu ɗaya. Kai ne ka san fuska. Yaya tawa ta koma? Na tambaye ta, ta ce sai na ƙara ƙarfi."

Ɗago-Haɓa ya duba. Goshin duk tabo ne, baƙaƙe da ramuka, kamar ƙasar da aka yi wa ruwan ƙanƙara. Gefen hanci ya ɗan ja ciki. Idanun a buɗe suke, suna kallon kafaɗarsa.

"Lafiya lau," ya ce. "Ba abin da ya same ta. Kamar da."

Auta ya yi 'yar dariya, ba mai zafi ba.

"To, Yaya. Na gode." Ya ɗaga murya kaɗan. "Malama, zo ki gaya mini."

Ta ɗauraye kumfa daga hannunta, ta goge a zane, ta zo ta durƙusa gabansa. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan gira.

"Nan akwai rami. Nan ma. Wannan babba ne, ya yi baƙi. Gangaro. Nan hancin ya ɗan shiga."

"Wannan fa?"

"Wannan tun kana yaro yake, ba na ciwon ba ne."

Suka ci gaba a hankali, daga goshi zuwa haɓa, daga haɓa zuwa bayan kunne. Ɗago-Haɓa ya zauna da kofin ruwa a hannu. Can ya ce zai tafi kada mota ta wuce shi. Auta ya ce Allah ya kiyaye hanya, yatsansa yana kan wuya, Malama tana gaya masa abin da ke wurin.